Kongo, Sabha da Hukumar Bakin Ƙofa

Ofishin hakimin garinmu soro ne na ƙasa mai rufin azara. Da an shiga, warin tawada da na kashin jemage da ƙanshin goro sabon ɓari ne ke tarar mutum. Babana malamin haraji ne a En'e ta Kano, can arewacin ƙasar inda gyaɗa ke yi. Da an kawar da amfanin gona, sanyi ya fara saukowa, sai a fito da manyan littattafan nan masu kaurin bango daga akwatin ƙarfe, a kakkaɓe ƙura, a baje su kan teburi ɗaya tilo da ke ofishin. Ni ne mai riƙe masa kwalbar tawada, kuma a lokacin ban ga aikin da ya kai wannan daraja a duniya ba.

Dagatai su zo a kan dawaki da kekuna, masu unguwanni a ƙasa, kowa rataye da jakar fata cike da sulalla da sisi da kwabo mai huji. A zube kan tabarma, a jera sule ashirin-ashirin, kowane tari fam guda. Babana yana kiran suna, mai unguwa yana amsawa ba tare da ya duba ko ƙyallen takarda ba. Wane ya rasu da damina, Allah ya jiƙansa. Wane ya tafi cin rani Kurmi, amma ƙaninsa zai biya. Wane ɗansa ya isa, a sa shi. Wane kuwa makanta ta kama shi, a taimaka a cire shi. Mutum ɗaya, bai san ko bihim a boko ba, yana ɗauke da unguwa guda a ka, har da wanda matarsa ta yi yaji da wanda akuyarsa ta haihu.

Hukuma a wancan zamani abu ce da ake gani da ido, ake jin motsinta. Ɗan doka da jar hularsa, dogari da rigarsa ja da kore, malamin daji, malamin gona, malamin asibiti a disfensare da kwalabensa na ruwan magani mai ɗaci. Wanda mata suka fi tsoro shi ne duba-gari. Da yaro ya rugo yana cewa ga shi nan tafe, sai ka ji gida ya ɗauki ƙarar tsintsiya, ana tuntsurar da randuna, ana rufe bakin masai, kishiyoyin da suka kwana uku ba sa magana su haɗu a kan kwata ɗaya suna shara. Shi kuwa ya shigo a natse, ya sa ludayi a randa, ya ɗaga shi ga hasken rana yana neman 'ya'yan sauro.

Ba na so in yi wa zamanin kwalliyar da ba tasa ba. Na ga magidanci an zaunar da shi a rana a ƙofar dagaci saboda kuɗin haraji, na ga an ja tunkiyar tsohuwa zuwa kasuwa tana biye tana roƙo. Fulani kan kwana suna kora shanu cikin daji don gudun malamin jangali. 'Yan jam'iyyar NEPU da ake ɗaurewa saboda sun yi magana ba ƙarya suke yi ba, kuma tun watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul. Abin da dai ya zauna mini a rai shi ne, wanda aka zalunta da wanda aka kyautata wa duk sun san ƙofar da abin ya fito. Kuɗin da aka jera kan tabarmar nan Baitulmali suke tafiya, daga can a biya malamin elementare, a haƙa rijiya, a gyara rumfunan kasuwa. Mai biya yana ganin inda sulensa ya faɗi, ko ya ga bai faɗi ko'ina ba ya yi gunaguni da hujja.

Da hutu akan kai ni birni wajen kakata, kusa da Dandalin Turawa. Alkaki take yi na sayarwa, gidan kullum ƙanshin tsamin alkama da zuma da mai. Tana murza alkaki tana ba ni labarin Larabawan Gadamas da na Fazzan waɗanda iyayenta suka yi wa aiki, da ayarin raƙuma da ke fita da turkuɗi da jar fata da gashin jimina, su bi ta Agadas da Gat har Tarabulus, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano ya karkatar da ciniki zuwa Ikko. Tana kiran Murzuk da Gat yadda take kiran Bichi da Ɗambatta. Ni kuwa na ɗauka duk cikin tatsuniya ne.

Na shiga makarantar Kongo da ke Zariya a farkon shekarun 1970, ana amfani da fam da sule tukuna. Wurin ya girmi jami'ar da yake ƙarƙashinta. A 1947 aka buɗe shi don koyar da aikin akawu, a 1954 ya zama Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki, sai a 1962 aka haɗe shi cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Hakimai da alkalai da ma'aji da magatakardan En'e na Arewa da yawa sun zauna a azuzuwan nan. Lokacin da na zo, Mahmud Tukur ne darakta, mutum mai kamewa wanda ko tafiyarsa kan sa ɗalibi ya gyara wuyan riga. En'en da na sani kuwa an riga an fara fige ta, don bayan juyin mulkin 1966 da ƙirƙiro jihohi 12 a 1967 an karɓe kotunan alkalai da gidajen yari da 'yan doka daga hannun sarakuna.

Abin da na fi tunawa da Kongo shi ne dattawan da ake turowa kwas. Mu samari da wando tsuke da gashi buzu-buzu, su da babbar riga da carbi, wani ya haifi malamin da ke koya masa. Suna zama sahun gaba, su rubuta duk abin da aka faɗa, har tari. Amma ranar da aka zo darasin kasafin kuɗi, wani tsohon ma'aji ya ɗaga hannu a hankali ya ce, “Allah ya gafarta malam, a takarda haka yake. Sai dai in aka rufe littafi yadda ka ce, ranar da mai binciken kuɗi ya zo, gidan yari za a kwana.” Ya tashi ya karɓi alli. Malamin, Bature ne matashi, ya koma kan benci ya buɗe littafinsa shi ma yana rubutawa. Da yamma mukan bi dattawan nan Tudun Wada cin tsire, hayaƙin tukuba da ƙanshin ƙuli-ƙuli suna tashi, kukan jirgin ƙasa yana zuwa daga wajen Sabon Gari, su kuma suna ba mu labarin Di'o wane da Razdan wane, da yadda ake ɓoye rarar kuɗi don kada Kaduna ta gani ta rage tallafi. Ɗakin karatu na Shugaba Kennedy ya ba mu littafin M. G. Smith kan mulkin Zazzau da na Whitaker kan siyasar sarauta. Ragowar ilmin a bakin tukuba muka same shi.

Ina fara koyarwa sai ga gyaran 1976. Wanda bai ga wannan shekara a Kongo ba, da wuya ya gane irin zumuɗin da muka yi. Gwamnatin Obasanjo, da Shehu Musa 'Yar'aduwa a gaba wajen wannan aiki, ta ce daga yanzu ƙaramar hukuma mataki na uku ce ta gwamnati, tsari ɗaya daga Sakkwato har Kalaba, kowace da mutum 150,000 zuwa 800,000, da majalisarta, da kasonta daga asusun tarayya. Aka samu ƙananan hukumomi 301, aka yi zaɓe a ƙarshen shekarar. Sarakuna aka koma da su majalisar ba da shawara. Daga baya aka ɗora wa jami'o'i uku, Zariya da Ife da Nsukka, nauyin horar da ma'aikatan sababbin hukumomin. Injin gurza takardu ba ya hutawa, hannayenmu kullum baƙi, muna tsallakawa daga Gusau zuwa Mubi a bayan Landiroba da kwalayen takardu, muna koya wa sababbin kansiloli yadda ake gabatar da ƙuduri da yadda ake rubuta bayanin taro. Mun yi imani har zuci cewa ƙasa sabuwa muke ginawa daga tushe, kuma har yau ban ga abin kunya a wannan imani ba.

A irin wannan yawon bincike ne na zauna da wani tsohon dagaci a zaurensa, ina riƙe da takardar tambayoyi mai gidaje uku: ya fi da, daidai da da, bai kai da ba. Ya saurare ni har na gama, ya tura mini ƙwaryar fura, ya ce, “Ɗana, da in rijiya ta rufta, hakimi nake gaya wa, shi kuma ya san sunan ubana. Yanzu an ce in rubuta takarda in kai sakatariya. Na kai. Yaron da ya karɓa yana da ladabi ƙwarai, ya ce in dawo.” Na tambaye shi wane gida zan cika masa a cikin ukun. Ya ce in cika wanda ba zai ja mini faɗa wajen manyana ba.

A watan Oktoba na 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. An yi guɗa a karkara, kuma guɗar tana da dalili, ni da na ga tunkiyar tsohuwar nan ba zan ce a bar shi ba. Amma shekaru kaɗan bayan haka, ina bin littattafan kuɗin ƙananan hukumomi don kundin digirina na uku, sai na ga layin kuɗin shiga na cikin gida yana ta ƙanƙancewa, ya rage kuɗin rumfa da lasisin keke da na mahauta, layin kason tarayya kuma yana ta kumbura. An sauke wa talaka kaya mai nauyi, sai dai igiyar da ta ɗaure hukuma da shi ita ma ta tafi tare da kayan, ba a kuwa ɗaura wata a madadinta ba. Ciyaman ya daina kallon kasuwar garinsu, ya koma kallon hanyar Ikko. Kwamitin Ibrahim Dasuƙi kan ƙananan hukumomi ya zauna a 1984, kason ya tashi daga kashi 10 cikin 100 a farkon shekarun 1980 zuwa kashi 20 a 1992, yawan hukumomin ya kai 589 a 1991, ya kai 774 a 1996. Mun rubuta maƙaloli a kan kowane mataki, mun gabatar a otal ɗin taro na Kongo, an tafa mana, an sha shayi.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya shigo gidajen malaman jami'a ta ƙofar kicin. Albashi ya daina kai wa tsakiyar wata, mujallun waje suka daina zuwa, abokai suka fara watsewa, wani Saudiyya, wani Botsuwana, wani Amurka. Ni wani aboki ne da ke koyar da Hausa a Jami'ar Sabha ta Libiya ya rubuto mini, don can ana karantar da harshenmu ga 'ya'yan Larabawa. Ya ce ana neman mai ɗan Larabci da zai koyar da Turanci da tushen ilmin gudanarwa. Lokacin Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana jirage shiga Libiya, takunkumin da ya ɗauki daga 1992 zuwa 1999, don haka ta Tunisiya na bi, na shiga Tarabulus a mota, daga nan aka miƙa kudu fiye da kilomita 700 cikin duwatsu baƙaƙe da rairayi. Da asuba direba ya nuna mini wata ganuwa a kan tudu, ya zaro takardar dinari goma ya juya bayanta, ga hotonta nan. Italiyawa suka gina ta, Faransawa suka zauna a cikinta. Fazzan ɗin kakata ke nan, ashe gari ne da mutane da gidan mai.

Iskar Sabha ba irin hunturunmu ba ce. In gibli ta taso, zafi take kawowa da jar ƙura, a rufe tagogi a jiƙa tsumma a toshe ƙasan ƙofa, duk da haka a ci burodi ana jin yashi a haƙori. Dare kuwa da sanyi sai an hura gawayi. A bakin gawayin nan ake dafa shayinsu, a yi ta juya shi daga buta zuwa kofi har ya yi kumfa, na farko mai ɗaci, na ƙarshe da gyaɗa soyayyiya a ciki, ga dabino a faranti. Ban yi mako ba na shiga kasuwa wajen unguwar Gurda, ina ta haɗa Larabcin littafi ina cinikin albasa, sai mai kayan ya dube ni ya ce, “Malam, bar wahalar da kanka, nawa za ka saya?” Ɗan Damagaram ne. A bayan rumfarsa akwai wata baiwar Allah 'yar Tawa da ke tuƙa tuwo da miyar kuka, kukar da daddawar manyan motocin Agadas ke kawo mata ta Dirku da Gatrun. Ranar na ci tuwo har na rasa inda zan sa kaina don daɗi.

Mai nazarin ƙananan hukumomi ba zai sauka wuri irin Sabha ya rufe ido ba. Fazzan ta taɓa zama wilaya mai gwamnatinta da majalisarta, ɗaya daga cikin uku da suka haɗu suka yi Libiya a 1951, bayan Faransawa sun riƙe ta tun 1943, da Ahmad Saif al-Nasr a matsayin walinta na farko. A 1963 Sarki Idris ya rushe tsarin tarayya aka raba ƙasar lardi goma. A nan Sabha Gaddafi ya yi makarantar sakandare, kuma a nan ne ranar 2 ga Maris 1977 aka shelanta cewa mulki ya koma hannun jama'a kai tsaye: kowace unguwa da babban taronta, taron ya zaɓi kwamiti, kwamiti ya aiwatar, ba ɗan majalisa, ba jam'iyya. Watanni kaɗan ke nan tsakaninsa da zaɓenmu na farko a ƙarƙashin gyaran 1976. Ƙasashe biyu, gefe da gefen Sahara, kowace ta ce za ta kai hukuma bakin ƙofar talaka, kowace kuma da kuɗin fetur za ta yi.

Wani maƙwabcina ya taɓa tafiya da ni zaman irin wannan taro, a zauren wata makaranta, na zauna can baya. Na ga abin da ya burge ni. Tsoho da mayafinsa na ulu ya miƙe ya yi faɗa kan famfon unguwa da ya kwana biyu ba ruwa, wata malamar makaranta ta yi magana kan rancen gina gida, wani ya kawo kukan asibiti ba likitan mata. Sakatare yana ta rubutu, aka ɗaga hannuwa, aka amince. Amma akwai samari 'yan kwamitin juyin juya hali a gefe, kuma kowa ya san iyakar inda harshe ke tsayawa. Shawarar unguwa ta hau sama zuwa babban taron ƙasa, kuɗi kuma su sauko daga sama a lokacin da sama ta ga dama. Iyakokin mulki ma ba sa zama wuri ɗaya: yau baladiyya, gobe sha'abiyya, a 2001 su 32 ne, a 2007 suka koma 22. Wani ɗalibina mai barkwanci ya ce mini, “Ustaz, an haife ni a muhafaza, na yi makaranta a baladiyya, zan yi aure a sha'abiyya, kuma ban taɓa fita daga gidan babana ba.”

Takardar tambayoyi ba ta da wuri a can, don haka na ajiye ta na koma sauraro a bakin shayi. Da sauraron ne na gane cewa akwai dubban mutane a garin da ba su da kujera a kowane taro. Wanda ba shi da ɗan littafin iyali, ba shi da rabo a kantin gwamnati mai rahusa inda ake ba da gari da mai da sukari, ba shi da murya. Haka Buzaye da Tubawa da yawa na unguwar Tayuri suke, wasu an haife su a nan, haka kuma mutanenmu, masu gini da masu ban-ruwa a gonaki da masu jiran mota zuwa Tarabulus.

Mutanenmu dai ba su zauna haka ba. Akwai wani dattijo da muke kira Sarki, tela ne, ya fi shekara talatin a garin. Shagonsa bai fi taku huɗu ba, keken ɗinki da tabarma da buta. A ƙarƙashin keken yana ajiye littafin rubutu irin na 'yan firamare, bangonsa ya yi laushi don shafa. Kowane shafi ya ja masa layi da hannu, cikin ajami: suna, garin asali, wanda ya san shi, ranar da ya iso. Shafukan baya na waɗanda suka rasu ne, a asibiti ko a kan gini ko a hanyar sahara, da sunan direban da aka ba saƙo ya kai gida, da ranar da amsa ta dawo. Duk Juma'a bayan an sauko, kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa a cikin wani gwangwanin madara. Da shi ake sayen likkafani, a fanso wanda aka tsare, a sa mara lafiya a mota. Ƙarshen wata Sarki ya zazzage gwangwanin a gaban kowa, ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita. Na ga wani yaro ɗan Maraɗi, bai fi shekara ashirin ba, ya ce lissafin bai cika ba, saura dinari biyu. Ba wanda ya ce masa ya yi rashin kunya. Aka sake ƙirgawa, aka tuna an sayi fitila ranar wata jana'iza, yaron ya ce ya gamsu, Sarki ya ce Allah ya yi masa albarka. Na halarci zaman majalisun ƙananan hukumomi da yawa a rayuwata, kaɗan ne na ga an tsare amanar kuɗi haka, kuma dalilin a fili yake: kuɗin daga aljihun masu zaman suka fito.

Bayan tashin hankalin da aka yi wa baƙaƙen fata a Zawiya da Tarabulus a watan Satumba na 2000, hankalin iyalina ya ƙi kwanciya, duk da mu a kudu ba abin da ya same mu. Ba da daɗewa ba na tattara na dawo Zariya. Sarki ya raka ni tasha da ƙullin dabino da wasiƙu cike da leda, na Zinder, na Katsina, na Gumel.

Na tarar da mulkin farar hula da tsarin mulkin 1999, wanda sashe na 7 ya ce dole ƙaramar hukuma ta kasance zaɓaɓɓiya, sashe na 162 kuma ya ce kuɗinta su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Wani tsohon ma'aji da muka yi Kongo tare ya ce mini an ba kura ajiyar nama ke nan. Na kai ɗalibai wata sakatariya ranar Talata da hantsi, don su ga yadda ake aiki. Gini mai kyau, da tuta, da fenti. Awaki ne kwance a baranda. Masinja ya taso da fara'a ya yi mana sannu da zuwa, ya ce kantoma yana babban birnin jiha, ma'aji ya bi shi, sauran ma'aikata sai ƙarshen wata. Ya buɗe mana ɗakin ajiyar takardu, gara ta gama da rabin bayanan taron majalisa. Ya tsaya yana ba mu haƙuri, shi da ba laifinsa ba. Ɗaliban suka yi ta rubutu, ni kuwa na fita na tsaya a inuwar darbejiya.

Ɗaliban yanzu sun fi mu kayan aiki, kuma da yawansu sun fi mu kaifin kai. A waya suke tattara amsoshi, kwamfuta ta zana musu jadawali kafin shayi ya huce. Abin da nake roƙonsu kullum shi ne su zauna a zaure su sha furar tukuna. Wasu daga cikin waɗanda na koyar sun zama ciyamomi, sukan zo gaisuwa da sallah, su durƙusa har ƙasa. Ɗaya ya ce mini, “Baba, duk abin da kuka koya mana yana nan a kai, biro ne ba a hannunmu yake ba.” Ban yi masa faɗa ba, na san gaskiya ya faɗa, ko da ba duka ba.

Sabha kuwa ta sha wuya bayan 2011. An yi faɗa tsakanin Tubawa da Aulad Sulaiman a 2012, aka sake a 2014, unguwannin da na sani suka shiga labaran rediyo. Ga rijiyoyin mai na Sharara a nan kusa da Ubari, ga mutanen Fazzan suna kwana a layin fetur da na banki. Sarki ya rasu, Allah ya jiƙansa, an ce wani ɗan'uwansa ne ya karɓi littafin. A cikin wannan hali ne dokar mulkin ƙananan hukumomi mai lamba 59 ta 2012 ta fara aiki, aka zaɓi majalisun baladiyya a garuruwa da yawa har da Sabha. Ɗalibin nan nawa mai barkwanci yanzu furfura ta fito masa, yana aiki da baladiyya, yana fama da motocin kwasar shara da famfunan da wuta ke ɗauke musu.

Shi ne ya kira ni ta WhatsApp bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa tsarin mulki. A labarai ya gani. “Mabruk, Ustaz,” in ji shi, “abin da kuka yi shekara arba'in kuna rubutawa ya tabbata. Mu ma da Tarabulus za ta sakar mana namu, da ka ga aiki.” Na ce masa na yi murna, kuma da gaske na yi. Sai na ƙara da cewa ko kuɗin sun iso cif, in dai daga sama kaɗai suke zuwa, ciyaman zai ci gaba da kallon sama. Ya ce yunwa ce ba ta taɓa kama baladiyyata ba shi ya sa nake faɗin haka, a fara ba su kuɗin tukuna, maganar gwangwanin madara ta biyo baya. Muka yi ta ja har katinsa ya ƙare.

Daga wannan gardama muka yanke shawarar rubuta maƙala tare, Fazzan da ƙasar Kano, daga 1976 zuwa yau. Ya aiko nasa kason da Larabci, shafi goma sha biyu, jikata ta buga mini shi da manyan baƙaƙe. Ina fassarawa da safe kafin rana ta yi zafi, ina sa alama da jan biro duk inda ban yarda ba. Ya ce in na gama in aika masa nawa shi ma ya sa nasa jan biron, mu ga abin da zai rage kafin babbar sallah.